Kwamfutar Yaronmu

"A'a, wannan ba za ta kai shekara biyar ba," in ji maigida, ya ture kwamfutar gefe. "Mai ƙarfi nake so, wadda duk wasan da aka fito da shi nan gaba za ta ɗauka ba tare da nishi ba."

Mai shago ya sauko da wata daga saman kanta. Ya nuna masa katin hoto, da fanka uku, da gurbin ƙara ƙwaƙwalwa. Idon maigida ya kawo haske.

Matarsa tana zaune a kujera. Tun daga gida take cewa sayen bai zama dole ba.

"Ba fa don kaina ba ne," maigida ya ce, yana satar kallonta. "Yaronmu nake yi wa tanadi. Ina ni ina wasa?"

"Madalla da uba," in ji mai shago. "Ajinsa nawa?"

Maigida ya hau gyaran murya. Matar ta miƙe a hankali, ta dafa cikinta.

"Saura wata huɗu ya iso," ta ce. "Malam, liƙe mana kwalin da kyau. Mai ita ne zai buɗe da hannunsa."