Tela Mai Ɗaukar Hoton 'Yan Ƙwallo

Tunda ka zo tambayar nawa za ka sa wa hoto ɗaya, Sallau, ajiye kyamarar nan tukuna ka ji labarin wani tela.

Telan nan kekunan ɗinki biyu gare shi, ɗinki kuwa ba ya kankama sai sallah ta gabato. A bayan shagonsa akwai filin firamare inda yaran unguwanni ke buga gasar ƙwallo duk Asabar da Lahadi a lokacin dogon hutu, iyaye su cika gefen fili da tabarmi da lema. Sai ya ce a ransa, ga kasuwa ta biyo ni har ƙofar shago. Ya sayar da keke ɗaya, ya sayo kyamara ta hannu mai ɗan ƙaramin kati wanda ba ya ɗaukar hoto da yawa. Wanda ya sayar masa ya ce in ya gaji ya dawo da ita, amma fa rabin kuɗi zai karɓa. Tela ya yanke wa kansa wa'adi: in aka tashi gasa kyamara ba ta dawo masa da kekensa ba, zai mayar da ita ya rungumi asara.

To, a ganin tela, hoton ƙwallo shi ne hoton mai zura ƙwallo a raga. Akwai wani dogon yaro mai lamba tara a baya, mai gudu kamar an koro shi, shi tela ya sa wa ido tun ranar farko. Sauran hotunan da kan faɗo masa, irin ɗan baya ya sha ƙasa, ko wanda aka taso daga benci saura minti goma a tashi, da ya koma shago sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gogewa don kati ya sami wuri. Na lamba tara kaɗai yake kaiwa a wanke, a sa a firam. Ya tambayi wani mai hoton biki farashi, ya sa dubu biyar, ya jera su a gindin darbejiya.

Uban lamba tara ya sayi ɗaya. Ya sayi na biyu saboda kara. A na uku ya ce bangon ɗakinsa ya cika. Sauran iyaye kuwa sukan zo su tsuguna, su ɗaga wannan su ɗaga wancan har su kai na ƙarshe, su yi masa sannu da aiki, su wuce. Tela ya ce ba komai ba ne, tsada ce. Ya sauko dubu uku, ya sauko dubu biyu, har ya tsaya a kuɗin wanki da firam, gumin kansa a banza. Shiru kake ji. Ransa ya ɓaci, ya shiga gaya wa masu zama a shagonsa cewa mutanen garin nan ba su san darajar hoto ba. Mutumin da ke auna wuyan riga sau biyu kafin ya sa almakashi, amma bai taɓa tambayar uba ɗaya wa yake nema a cikin tarin hotunan ba.

Ranar ƙarshe, an ba da kofi, yana tattara kayansa, sai ga wani direban babbar mota ya yi masa sallama. Ya ce ɗansa ne mai tsaron gida na biyu a ƙungiyar unguwarsu. Sau ɗaya tak yaron ya tsaya a raga duk gasar, ranar da zazzaɓi ya kwantar da na farko, kuma ran nan ya kama bugun fenareti. Shi uban yana kan hanyar kudu da kaya, bai gani ba, amma yaron ya gaya masa tela na tsaye a bayan raga da kyamara.

"Faɗi kuɗinka, maigida," in ji direban. "Ba zan taya ba."

Tela ya tuna hoton sarai. Yaro a kwance cikin iska, ƙwallo a tafin hannu biyu, baki a buɗe. Ya dube shi a shago da yammacin ranar, ya ce ai babu ci a ciki, ya danna ya goge. Yana nan tsaye, sai mata biyu da suka ji zancen suka matso. Ɗaya ta ce nata ne mai lamba uku, mako shida ke nan tana ɗaga hotunan nan ko za ta gan shi. Ɗayar ta ce ita ko a benci nata yake zaune, in dai yana sanye da rigar, tana so. Tela ya dubi abin da ke hammatarsa, hoto ashirin na yaro ɗaya. Kunya da takaici suka rufe shi.

Ranar Litinin ya mayar da kyamara ya karɓi rabin kuɗi. Ba su isa keke ba. Sallah ta zo ta same shi da keke ɗaya, yana mayar da masu kawo ɗinki.

Saboda haka, Sallau, kafin ka zauna yanke farashi, je bakin fili ka dubi yaran nan ashirin da biyu har da na benci. Kowannensu akwai wanda ya wanke masa riga ya biyo shi kallo. Tela ya yi wata biyu yana tsaye a tsakiyarsu yana kukan rashin kasuwa. Shi ya sa Hausawa suka ce, rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.