Ƙafar Dokin Baba Mani

"Baba Mani, ƙafar dokin nan tana ciwo," in ji Rasmata, likitar dabbobi. "Kullum da safe ka ja shi a ƙasa, daga Zango har Larle."

Bai yi musu ba. Tun rasuwar matarsa Rakiya bai leƙa waje ba, komai ɗaya ne a wurinsa. Ya riƙa jan dokin, ana gaishe shi yana ɗaga kai kawai. A hankali ya fara amsawa da baki.

Bayan wata biyu ya tambaye ta, "Likita, ya warke?"

Rasmata ta sunkuyar da kai. "Lafiyarsa ƙalau tun farko, Baba. Inna Rakiya ce ta roƙe ni tana gadon asibiti, kada in bar ka zaune a ɗaki."