Shuɗi a Ƙafar Tela

Karo na uku ke nan tana haska ƙafar, karo na uku allon yana nuna shuɗi.

Aikinta ne, shekara tara tana yi. Na'urar takan watsa jan haske a fata, ta zana hoto: inda jini ke gudu ya fito ja, inda ya daina ya fito shuɗi. Da hoton likita yake sanin inda wuƙa za ta bi. Sai dai yau ƙafar ta yayanta ce, tela mai ciwon suga, kuma da ita yake taka keken da ke ciyar da 'ya'ya shida.

"Autar Inna, me abin naki ya ce?" ya tambaya daga kan gado, yana murmushi.

"Ya lalace, Yaya."

Ba lallashi take yi ba. Tun da safe an gwada na'urar a lafiyayyen hannu, kamar yadda aka saba, sai yatsu uku suka fito shuɗi. Abin da ya yi wa hannu ƙarya ai zai yi wa ƙafa. Haka ta gaya wa likitan tiyata, ko murya ba ta ɗaga ba. Ita kanta ta yi mamaki, ko tsoro ba ta ji, zuciyar kamar an yi mata allurar kashe zafi. Likita ya ɗaga aikin zuwa azahar. Wajen cike takardar kiran mai gyara, sau biyu biro yana suɓuce mata.

Mai gyara ya iso da gumi da surutu. Ya kwance, ya goge, ya hura, ya ɗaura. Ita tana jingine da bango, hannu a aljihu, tana tsine wa sanyin ɗakin a ranta. Yaya kuwa har ya fara yi wa mai gyara tallar ɗinki.

Mai gyaran ya shimfiɗa nasa hannun a ƙarƙashin hasken. Jawur, har bakin farce. Ya kira wata nas, nata ma jawur.

"Malama, wallahi na'urar nan ta fi ni lafiya," ya ce. "Wai hannun wa kuka gwada da safe?"

Yaya ya daina murmushi, ya dubi ƙafarsa. Ta kasa kallonsa. A hankali ta zaro hannunta daga aljihu, ta zuba wa yatsun nan uku ido, waɗanda wata biyu ke nan ba ta jin su.