Tubala a Tsakar Falo

Marin farko ya kifar da ita a kan ƙananan tubalan roba na wasan 'yarta, waɗanda suka warwatsu ko'ina a falo. Kaifin ɗaya ya tsaga mata tafin hannu.

"Ina yarinyar?" in ji dogon cikin maza biyun da suka ɓalle mata ƙofa da rana tsaka.

"Tana gidan kakarta," ta ce, jini na zuba daga leɓenta.

Ya shaƙe ta, ya buga kanta da bango. "Yau ubanta zai san ya taɓo mu. Ki faɗi gaskiya ko in yanka ki!"

Gajeren ya birkice ɗakuna, ya ɗaga katifa, ya farfasa ƙofar kabad. Yana dawowa ya taka tubalan, santsi ya kwashe shi, ya faɗi. Ya miƙe yana zagi, ya shure ta a ciki.

"Ƙazamar banza! Ko kwashe kayan wasa ba ki iya ba."

Ta dafe cikinta. Ihun maƙwabta ne ya sa suka fice da gudu.

Sai da ƙarar babur ɗinsu ta ɓace, sannan ta ja jiki zuwa babban akwatin katakon da take adana tubalan, wanda ta zazzage da hannunta tun bugun ƙofa na farko. Ta ɗaga murfin.

Yarinyar na ƙudundune a ciki, ta toshe baki da hannu biyu.

"Umma, ban motsa ba," ta raɗa. "Ni na ci wasan ɓuyan?"