Tukwane a Kife

Ka ce magana ba ta shiga kunnen mai ƙoshi. Gaskiyarka, amma zauna ka ji abin da wani magini ya yi.

Wata shekara da damina ta yi gardama, wani attajirin hatsi ya cika rumbunansa ya liƙe, yana jiran tsada. Liman ya yi masa wa'azi, dattawa sun je sun dawo, ya ce ai kukan yunwa kowa na yi, har wanda ya ƙoshi. Ana cikin haka ya kira magini ya yi masa zanen laka a fuskar zaure, yana so duk mai wucewa ya san gidan akwai arziki. Shi kuwa maginin, kwana biyu ba a hura wuta a gidansa ba, kuma ya san in ya ɓata wa mutumin nan rai, ya rasa aikin, ya rasa dawar da za a auna masa. Duk da haka ya zana ƙaton rumbu a tsakiya, ya kewaye shi da ƙananan dunƙule goma sha bakwai. Attajiri ya duba ya kece da dariya, wai rumbunsa ne ya haihu.

Da tsohuwar uwar attajirin ta fito ta gani, sai ta gane tukwane ne a kife. Ta san abin da ɗanta bai sani ba: a garin, matar da ba ta da abin dafawa kife tukunyarta take yi a kan murhu, don kada yara su sa rai. Ta ƙirga, goma sha bakwai, daidai gidajen unguwar. Ta nuna wata mai tsagi a gindi ta ce, "Wannan ta maƙwabciyarmu ce, wadda ta goye ka lokacin da na kwanta ciwo. A cikinta aka dama maka kunu." Kunya ta kama shi, ya kasa ɗaga ido. Ya aika a kira magini, kowa ya ɗauka kankare zanen za a yi, a kore shi. Sai attajirin ya fasa bakin rumbunsa ya raba wa unguwar hatsi, ya ce duk gidan da hayaƙi ya tashi, magini ya jiƙa laka ya juya tukunya ɗaya bakinta sama. Ta gidan kansa maginin ya juya a ƙarshe, cike da murna.

Watanni ana gaya wa mutumin nan bai motsa ba, bango ya gama da shi a wuni ɗaya. Shi ya sa aka ce gani ya kori ji.