Alamun Don Eusebio

Eusebio Carratalá ya taɓa bakin hularsa sau biyu, ya ja kunnen hagu, ya yi tarin ƙarya. A tsarinsa, wannan na nufin 'yarsa Neus ta aika ƙwallon tanis ɗin can ƙarshen fili. Neus ta dubi sashen da yake zaune, ta gyaɗa kai, da aka fara ta saki ƙwallon a hankali dab da raga. Abokiyar karawarta ta taho a guje har tana zamewa a jar ƙasa, ba ta cim masa ba.

Eusebio ko a jikinsa. Ya karkata wajen baƙon da ke gefensa ya raɗa masa cewa ai wani lokaci alamar kan ɗauki kishiyar ma'anarta, don a rikita abokan gaba. Baƙon ya ce to.

Mu 'yan garin mun san Eusebio, ko Don Eusebio kamar yadda ake kiransa don girmamawa, tun yana da gashi. Tayil yake sayarwa a hanyar Castellón, raket ɗin buga tanis kuwa bai taɓa riƙewa ba sai in za a ɗauki hoto. Amma tun da Neus ta cika shekara sha bakwai ta shiga gasar tanis ta ƙwararru, ya sayi agogon auna gudu, ya buga kati mai ɗauke da "Babban Koci", ya hana kowa shan kofi cikin kwanciyar hankali a garin nan. Shi ya gano ta, shi ya gina ta, daga cikin kansa kowane bugu nata ke fitowa.

Baƙon shi ne Beltrán, wakilin wata babbar makarantar tanis a Barcelona. Tun ranar Litinin ya faɗa ba kwana-kwana cewa yarinyar suke so, masu horarwa kam suna da su har sun yi yawa. Eusebio ya buga tebur ya ce inda Neus za ta, ƙafarsa ƙafarta. Beltrán ya yarda zai zauna har wasan ƙarshe na gasar garin ranar Lahadi, in ya ga hannun koci a wasan yarinyar, to su tafi da kocin. In bai gani ba, Eusebio ya koma wa tayil ɗinsa, garin kuma ya samu abin dariya na shekara goma.

Ga Lahadin ta zo, rana kamar ta fasa kai. A bencin bayansa matarsa Remedios ta zauna da kwandon burodi da wainar ƙwai da dankali, tana fifita da tsohon maficinta mai naɗewa. Shekara ashirin da biyu tana suyar kifi a ɗakin abincin kulob ɗin tanis na garin, wanda tagarsa ke kallon fili na ɗaya, amma Eusebio ya kafa mata doka tun farko: ta kawo abinci, ta yi shiru, tanis ba harkar kasko ba ce. Ta bi dokar sau da ƙafa. Ƙarar maficin nan ce kawai ke ci masa rai, a buɗe fat, a rufe fat.

"Reme, don Allah ki bar ni in yi aiki," ya ce ba tare da ya waiwaya ba.

"Yi haƙuri, zafi ne."

Wasanni sha huɗu Neus ta buga a wannan shekara, ɗaya kaɗai aka yi mata kaca-kaca, a watan Mayu, makon da Remedios ke jinyar yayarta a asibiti. Eusebio ya ce iska ce ta yi yawa ran nan.

Doka a lokacin ta hana a yi wa ɗan wasa alama daga wajen fili, wanda aka kama kuwa a lasifika ake faɗa. Mako guda cur Eusebio na jan kunne yana tari, alƙaliyar wasa, wata siririyar mata mai baƙin tabarau, ba ta ko kalle shi ba. Da farko ya ɗauka gwanintarsa ce ta ɓoye shi. Sai yanzu, a zagaye na uku, Neus na gaba da biyar da huɗu, ya lura Beltrán yana hamma yana duba agogo. Can sai dabara ta zo masa: ai babu shaidar da ta kai a kama shi. In alƙaliya da bakinta ta ce koci na juya wasa daga benci, me Beltrán zai ce?

Nan fa Eusebio ya saki jiki. Ya cire hula ya kaɗa, ya ja kunnuwa biyu a tare, ya daki ƙirji, ya yi tarin da ya sa wata tsohuwa ta miƙo masa alewar maƙogwaro. Gumi ya jiƙe masa riga sharkaf. Neus ta dubo, ta gyaɗa kai, ta ci maki. Ta sake dubowa, ta sake ci. Saura maki ɗaya kofin gasar ya zama nata.

Sai lasifika ta yi ƙara. Alƙaliya ta ɗaga hannu ta tsayar da wasa, ta sanar da gargaɗi ga Neus Carratalá saboda karɓar umarni daga wajen fili.

Daɗi ya kashe Eusebio. Ya miƙe tsaye a hankali yadda kowa zai gan shi, ya dafa ƙirji, ya rusuna wa jama'a, ya kashe wa Beltrán ido. Cikin murya mai ƙarfi ya ce ya karɓi laifinsa, koci ba ya iya ɓoye kansa har abada.

Alƙaliya ta zame tabarau zuwa kan hanci, ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa.

"Zauna abinka, Don Eusebio, kai ka ci gaba da sosa kunnenka, ba ka taɓa damun kowa ba. Baiwar Allah da ke bayanka nake nufi, ta rufe maficin nan ta ajiye shi, tun ranar Litinin nake ɗaga mata ƙafa."