Kwana a Tanti

Dikko ya juya wa Inna fuskar kwamfuta. Tun da mahaifiyar tasa ta zo Bronx daga Funtuwa bai kai ta ko'ina ba, ga bizarta ta kusa ƙarewa.

"Inna, zaɓi inda za mu. Wannan Lake Placid, wancan Woodstock. Duk cikin duwatsu suke, a tanti za mu riƙa kwana."

"Akwai lantarki?"

"Babu. Da itace za a yi girki."

"Ruwa fa?"

"Sai an ɗebo."

"Har da yaran?"

"Ai saboda su ma za a je."

Inna ta dubi surukarta Sauda, ta ga barguna take ta cusawa cikin jaka, ko a jikinta. Inna ta tashi ta shige ɗaki. Dikko ya ɗauka nazari ta tafi yi.

Can sai ga ta da ƙullin hankici, ta miƙa masa. Ya kwance, ya ga 'yan kunnenta ne na zinare.

Ta rage murya. "Sayar ka lallashi mai gidan nan kada ya kore ku. Ba mai ji a Funtuwa. Amma jikokina ba za su koma daji ba, da ƙyar na fito da ubansu."